Ramukan sararin samaniya: yadda suke faɗaɗa, da halin da galaksin cikinsu suke ciki

Wannan bidiyon da ake ta turowa a guruf-guruf na WhatsApp nan Gombe, wai masana sun gano wani wuri a sama da babu komai a cikinsa sai duhu, an sa masa sauti mai tada hankali ga kuma hoton wani baƙin tabo a tsakiyar taurari, to bari mu fara da hoton tukuna. Hoton nan ba na ramin ba ne sam. Wani gajimare ne na ƙura da gas da ake kira Barnard 68, yana nan cikin galaksinmu, wato tarin taurarin da muke ciki, nisansa bai wuce tafiyar haske ta shekara 500 ba, kuma abu ne ya yi masa yawa har ya tare hasken taurarin da ke bayansa. Shi ramin gaskiya ba ya ɗaukuwa a hoto haka. In ka saita madubin hangen nesa ta wajensa taurari da galaksi za ka gani birjik, na gabansa da na bayansa, sai an bi an auna nisan kowacce ɗaya bayan ɗaya sannan a gane ashe akwai wani tsakani mai faɗi da kusan ba kowa a ciki.

Amma ramukan suna nan, wannan kam gaskiya ne. Abin da bidiyon bai taɓo ba shi ne girma suke yi, suna haɗewa da juna, wasu ma mutuwa suke, kuma 'yan galaksin da suka rage a cikinsu rayuwarsu ba irin ta sauran ba ce.

Ga wanda bai saba da maganar ba, galaksi tarin taurari ne masu ɗimbin yawa da jan nauyi ya ɗaure su wuri guda. Tamu ita ce Milky Way, wannan farin layin mai kama da hayaƙi da ake gani ya ratsa sama in mutum ya fita bayan gari wajen Tula ko Dass a daren da ba wata ba hazo. Taurarinta sun haura biliyan 100, faɗinta kuma tafiyar haske ce ta wajen shekara dubu 100, shi kuwa haske kilomita dubu 300 yake ci a daƙiƙa ɗaya. Da can an ɗauka galaksoshi a warwatse suke ko'ina daidai wa daida. A 1978 ne Stephen Gregory da Laird Thompson, da suka yi aiki da madubin dutsen Kitt Peak a Amurka, suka auna nisan galaksoshin da ke wajen wani dandazon galaksi da ake kira Coma, sai ga wawakeken fili a gabansu fayau. A shekarar ne kuma Jaan Einasto da abokan aikinsa a Estoniya suka faɗi kusan irin wannan maganar. A 1986 Valérie de Lapparent da Margaret Geller da John Huchra suka fitar da taswirar wani yanki na sama mai galaksi wajen dubu, kowa ya gani da idonsa: galaksoshin sun jeru ne a zare-zare da bango-bango, inda zaren suka haɗu nan ne dandazo, tsakaninsu kuma ramuka. Daga shekarar 2000 da shirin taswirar sama na Sloan ya fara auna miliyoyin galaksi, sai lissafi ya nuna ramukan ne ma suka cinye mafi yawan filin, fiye da rabi nesa ba kusa ba.

Wanda ake yi wa bidiyon shi ne ramin Boötes, Robert Kirshner da abokansa suka gano shi a 1981. Yana ta wajen tauraron nan mai ɗan ja, Arcturus, da ke hayewa tsakiyar sama da daddare a bazara zuwa farkon damina. Nisansa wajen shekarar haske miliyan 700, faɗinsa wajen miliyan 330, wato ka jera irin galaksinmu sama da dubu uku gefe da gefe. Fili kamar wannan da a ce wuri ne na yau da kullum ya kamata a samu manyan galaksi wajen dubu biyu, amma wajen 60 aka ƙirga. Sittin kuwa ba sifili ba ce, a riƙe wannan. Masani Greg Aldering ya taɓa cewa da a tsakiyar ramin nan galaksinmu take, da ba mu san akwai wasu galaksin ba sai a shekarun 1960.

To daga ina suka fito?

Duniyar sama baki ɗaya shekarunta wajen biliyan 13.8. Akwai wani tsohon haske da ya taso tun tana da shekara dubu 380, har yanzu yana iso mana ta kowace kusurwa, taurarin ɗan'adam irin su COBE da WMAP da Planck sun ɗauki taswirarsa. Abin da taswirar ta nuna shi ne a lokacin komai kusan sumul yake, bambancin wurin da ya fi cika da wanda ya fi sakayau bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ɗari ba. Babu rami, babu bango, babu tauraro ko ɗaya. Amma wannan ɗan bambancin ya isa. Wurin da ya ɗan fi nauyi yana jan na kusa da shi, ya ƙara nauyi, ya ƙara ja. Wurin da ya ɗan gaza kuwa ba shi da isasshen nauyin da zai riƙe kayansa, kuma duk sararin dama faɗaɗa yake yi, jan nauyi ne birkinsa, to inda nauyi ya yi ƙaranci birki ya yi sanyi, sai wurin ya riƙa buɗewa da sauri fiye da maƙwabtansa. Yana buɗewa yana ƙara zama sakayau, yana zama sakayau yana ƙara buɗewa, haka dai shekara biliyoyi.

In kana son ganin siffar abin, ka sayi masa mai zafi a Wunti ka ɓare ta biyu. Ramuka manya da ƙanana, tsakaninsu siraran bango, inda bango uku suka haɗu ya fi kauri. Kuma duk wadda ta taɓa kwana da ƙullu ta san ƙananan kumfa suna fashewa cikin juna su zama babba, wasu kuma a matse su su ɓace. Sai dai a kula da inda misalin ya tsaya. A masa iska ce a cikin kumfar take tura ƙullu waje. A sama ba abin da ke turawa daga ciki, bangon ne ke ja daga waje, shi ramin kawai ya rasa ƙarfin da zai ja nasa. Sakamakon dai ɗaya ne, duk abin da ke cikin rami yana gangarawa gefe, shi ya sa masana kansu wani lokaci suke magana kamar ramin na tunkuɗa abu.

Akwai abin da Vincent Icke ya nuna a 1984 da nake ganin yana da daɗin fahimta. Wurin da ke tsukewa saboda nauyi, in dama ba zagayayye ba ne, ƙara baudewa yake: ya fara lotsewa ta gefen da ya fi gajarta ya zama faifai, sannan zare, sannan dunƙule. Wannan tun 1970 Yakov Zeldovich na Rasha ya yi bayaninsa. Rami kuma akasin haka yake yi, gefensa mafi gajarta shi ya fi saurin buɗewa, don haka yana tsufa yana ƙara zagayewa. A zahiri dai ba ya kaiwa ga zama ƙwallo sosai don maƙwabta na matsa masa ta ko'ina. Sannan tsakiyar ramin ta fi gefensa sakayau, ta fi shi saurin buɗewa, sai kayan ciki su riƙa cimma na gefe suna taruwa, da haka bango yake ginuwa. A lissafin rami mai sauƙi, lokacin da na ciki suka cimma na waje, cikar ramin ta sauko zuwa wajen kashi 20 cikin ɗari na matsakaicin cikar duniya, kuma ya buɗe ninki 1.7 fiye da yadda zai buɗe da wuri ne na yau da kullum. Daga nan ake ce masa ya balaga.

Amma rami ba ya rayuwa shi kaɗai. Ravi Sheth da Rien van de Weygaert a 2004 sun tsara yadda abin ke tafiya, hanya biyu ce. In ƙaramin rami ya samu kansa a cikin wani babban yanki wanda shi ma sakayau ne, to shi da maƙwabtansa za su yi ta buɗewa har su haɗu, bangon da ke tsakaninsu ya riƙa sirancewa don kayansa na zubewa gefe zuwa babban bango na waje, a ƙarshe su zama rami ɗaya. In kuma tsautsayi ya sa shi a cikin yanki mai nauyi da ke tsukewa, to matse shi za a yi har ya rufe. Wannan ne ya sa da tafiyar zamani ƙananan ramuka ke raguwa manya na ƙaruwa. Shi ya sa kuma cikin babban rami ba fayau yake ba, akwai burbushin tsoffin bangaye, siraran zare da ba su gama tsiyayewa ba. Galaksi 60 ɗin nan na Boötes ma an lura da yawansu sun jeru ne kamar bututu da ya ratsa ramin, abin da ake ɗauka alama ce ta tsohuwar iyaka tsakanin ramukan da suka haɗe. Kaga ba sai an kira wasu halittu da suka cinye taurari ba, kamar yadda wasu ke rubutawa a ƙarƙashin bidiyon.

Mu ma fa a bakin rami muke zaune. Brent Tully da Richard Fisher sun bayyana shi a 1987, ana ce masa ramin gida, faɗinsa aƙalla shekarar haske miliyan 150, ya fara ne daga gefen ɗan rukuninmu da ya haɗa mu da maƙwabciyarmu galaksin Andromeda. Wahalar nazarinsa ita ce wani sashensa ya ɓuya a bayan tsakiyar Milky Way inda ƙura ta yi yawa. Tully da abokansa sun auna cewa muna nisantar ramin nan da gudun wajen kilomita 260 a daƙiƙa. Wato mu kanmu muna cikin kayan bangon da ke ja da baya yayin da ramin ke buɗewa.

Yanzu ga galaksin ciki, nan ne maganar ta fi daɗi kuma nan ne aka fi yin zuzutawa.

Sai an fara duba yadda galaksi ke tsufa a cikin cunkoso. Abincin galaksi gas ne mai sanyi, haidirojin, da shi take haifar sabbin taurari. Sabbin taurari manya shuɗaye ne, ba sa daɗewa, tsofaffin da ke saura ja-ja ne, don haka launin galaksi na gaya maka ko tana haihuwa ko ta daina. A cikin dandazo irin Coma mai galaksi sama da dubu, tsakanin galaksoshin cike yake da gas mai zafin digiri miliyoyi, galaksi ta faɗo ciki da gudun sama da kilomita dubu a daƙiƙa sai wannan gas ɗin ya share mata nata kamar iska, James Gunn da Richard Gott sun yi lissafin wannan tun 1972. Ga maƙwabta na wucewa suna fizgarta, ga karo da haɗewa. Shi ya sa a 1980 Alan Dressler ya nuna duk inda cunkoso ya fi yawa, galaksin wurin sun fi zama dunƙulallu, jajaye, waɗanda suka daina haihuwa.

A rami babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ko kuma in ce kaɗan ne. Abin da binciken Sloan ya nuna tun wajen 2004 shi ne galaksin rami yawanci ƙanana ne, shuɗaye, masu siffar faifai ko marasa tsari, kuma in aka gwada da girmansu suna haifar taurari sosai. Wani shiri da aka yi da na'urar rediyo ta Westerbork a Holan ya bi wajen galaksi 60 na cikin ramuka yana neman haidirojin, aka tarar mafi yawansu na da gas, har aka ga wasu uku da ake kira VGS_31 a jere cikin zare ɗaya na gas, kamar yanzu ake kan gina su. Wasu 'yan ƙanana na ramin Lynx-Cancer da ke kusa da mu, iskar oksijin da sauran sinadarai masu nauyi da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai, su kuwa waɗannan sinadaran a cikin taurari ake dafa su, ƙarancinsu na nufin ba a yi zuriyar taurari da yawa a wurin ba.

Amma a nan sai an yi hattara, don mutane na saurin cewa ai zaman kaɗaici ne ya mayar da su haka. Ƙananan galaksi a ko'ina suke sun fi zama shuɗaye masu gas. Rami kuma dama ba ya iya gina manya, saboda kayan ginin sun yi ƙaranci kuma wurin buɗewa yake yi ba tsukewa ba. To in ka tara galaksin rami ka ga shuɗaye ne, ya za a yi ka san ramin ne ya sa ko ƙanƙantar ce? Sai an ɗauko galaksi biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya a rami ɗaya a zare, a gwada. In aka yi haka bambancin raguwa yake sosai, a wasu binciken ma kusan ya ɓace. A ganina wannan ce babbar maganar: babban tasirin rami a kan galaksi shi ne ya hana ta girma tun farko, sauran abubuwan biyo baya suke.

Ɗan abin da ya saura bayan an cire maganar nauyi shi ne lokaci. A 2023 masana na jami'ar Granada a Sifen, masu shirin CAVITY, sun buga bincike a mujallar Nature inda suka warware hasken dubban galaksi don gano shekarun taurarin da ke cikinsu, suka tarar galaksin rami a hankali suke tara taurarinsu, a matsakaici sun makara da wajen shekara biliyan ɗaya in aka gwada da na wurare masu cika. Sun kuma ga iri biyu ne. Akwai waɗanda suka yi haihuwarsu da wuri cikin gaggawa, su muhallin bai dame su sosai ba a farkon, wanda ya yi daidai da hankali tunda a lokacin ramin bai gama zama rami ba. Sai masu tafiyar hawainiya, su ne ramin ya fi jinkirtawa.

Kuma galaksi ba ta dawwama a rami. Tunda komai gangarawa gefe yake, wata rana za ta kai bango. Akwai 'yan ƙanana biyu, Pisces A da Pisces B, ɗaya nisan shekarar haske wajen miliyan 19 ɗayar wajen miliyan 30, da madubin Hubble ya duba aka sanar a 2016. Alamu sun nuna sun shafe mafi yawan rayuwarsu a ramin gida shiru, sai cikin shekara miliyan 100 da suka wuce haihuwar taurarinsu ta tashi, daidai lokacin da ake ganin sun iso wani zare mai gas. Wato shigowa cikin jama'a da farko alheri ne gare su, sai in tafiya ta kai su cikin dandazo ne za a ƙwace gas ɗin.

Jim Peebles, wanda ya ci kyautar Nobel a 2019, ya taɓa tada wata rigima a 2001. Ya ce lissafin kwamfuta na nuna ya kamata ramuka su cika da ƙananan dunƙulen ɓoyayyen abu, wannan da ba ya haske amma yana da nauyi kuma ya ninka abu na yau da kullum wajen sau biyar, to ina ƙananan galaksin da ya kamata su zauna a cikinsu? Amsar da da yawa suka karkata gare ta ita ce dunƙulen suna nan, ƙanƙantarsu ce ta yi yawa, lokacin da hasken taurarin farko ya ɗumama gas ɗin duniya ba su da nauyin da za su riƙe shi, sai suka zauna ba tauraro. In haka ne ramukan sun fi yadda muke gani cika, duhu ne kayan kawai.

Dalilin da ya sa ake kashe kuɗi a kan ramuka yanzu kuwa wani ne daban. A 1998 ƙungiyoyi biyu suka gano faɗaɗar duniya ƙara sauri take ba raguwa ba, aka sa wa abin da ke jawo haka suna ɓoyayyen makamashi, shi ne wajen kashi 68 cikin ɗari na duk abin da ke akwai. Shi ko'ina daidai yake, ba ya taruwa wuri guda. A cikin dandazo nauyi ya danne shi ba a jin ɗuriyarsa, a rami kuwa ba mai danne shi, don haka tun kafin ya karɓe ragamar duniya baki ɗaya shekara biliyoyi kaɗan da suka wuce, ya riga ya karɓe ta ramuka. Abin mamakin shi ne ba ƙara wa ramuka cin bango yake ba. Da faɗaɗa ta yi sauri sai jan nauyi ya kasa ci gaba da kwashe kaya daga wuri zuwa wuri, haɗewar ramuka ta lafa, tsarin ya daskare yadda yake, sai dai komai ya yi ta miƙewa tare. Saboda haka in ka ƙirga ramuka nawa ne manya nawa ne ƙanana a zamani daban-daban, kana auna ƙarfin wannan makamashin ne kai tsaye. Kuma ana iya duba zamani daban-daban ɗin, tunda duk abin da ya fi nisa tsohon haskensa muke gani. Na'urar DESI, wadda ke kan wannan dutsen na Kitt Peak inda aka fara gano ramukan, tana auna galaksi dubu biyar a tashi ɗaya tun 2021. Turai kuma ta harba madubin hangen nesa na Euclid ranar 1 ga Yuli 2023 don taswirar wajen kashi ɗaya cikin uku na sama, har zuwa hasken da ya taso shekara biliyan 10 baya.

Akwai wata dabara ma mai kyau da ake yi da su. Rami ɗaya ba zagayayye ba ne, amma in ka ɗora dubbai a kan juna a kwamfuta matsakaicinsu dole ya fito zagayayye, don duniya ba ta fifita wata kusurwa ba. In naka ya fito a miƙe ko a lotse, to ma'aunin nisan da ka yi amfani da shi ne ke da matsala, sai ka yi ta gyara shi har ya zagaye, da haka ka samu tarihin faɗaɗar.

Sai rigimar da ake kai yanzu. A 2013 Ryan Keenan da Amy Barger da Lennox Cowie suka ce ƙirgensu na nuna mu kanmu muna cikin wani makeken yanki mai ƙarancin galaksi, faɗinsa wajen shekarar haske biliyan 2, ba fayau kamar Boötes ba, ragi ne dai na wani kaso. In haka ne, galaksin da ke kewaye da mu za su riƙa gudu waje fiye da ƙa'ida, sai mu auna saurin faɗaɗar duniya ya fi na gaskiya. Ga shi kuwa dama akwai saɓani a kan lambar da ke nuna saurin faɗaɗar, masu auna na kusa suna samun wajen 73, masu lissafi daga tsohon hasken nan suna samun wajen 67. Wasu na ganin ramin ne maganin saɓanin. Ƙungiyar Adam Riess ta duba fashewar taurari a nesa da kusa ta ce ba ta ga alamar ragi mai zurfin da zai cike wannan gibin ba, sannan rami mai wannan girman da zurfin da wuya ya samu a tsarin lissafin da ake amfani da shi yanzu, in har yana nan to tsarin ne zai sha gyara. Ni dai na fi karkata ga cewa akwai ɗan ragin amma bai kai ya ɗauki nauyin duk saɓanin ba, kuma ƙirgen DESI da Euclid ne zai raba gardamar.